Zangon Bakin Teku

Ran Alhamis da hantsi Malam Nasir, hedimastan makarantar, ya shigo aji huɗu da takarda a hannu, ya tsaya bakin ƙofa yana ta gyara hular da ba ta karkace ba. Hajaratu na ganin haka ta san ba lafiya ba. Mutumin da ya saba rangaɗa sallama tun daga nesa yana tsokanar yara, yau ga shi yana kallon silin kamar shi ne baƙon.

"Hutu ya ƙare," in ji shi. "Ran Litinin ɗalibai za su dawo. Takarda ce daga sama, a kwashe kowa daga azuzuwa kafin ranar. Wallahi ba yin kaina ba ne."

Ai kowa ya san ba yin kansa ba ne. To amma sanin me zai ƙara wa mutum?

Sati bakwai ke nan Hajaratu tana cikin wannan aji a garin Faskari. Daga Unguwar Kaɗanya ta fito, wani ɗan ƙauye can cikin dajin da ya haɗa Faskari da Sabuwa, ranar da 'yan bindiga suka shigo kan babura ana kiran la'asar. A gona suka tarar da mijinta, a nan ya kwanta. Ita kuwa ta goya ƙaramar 'yarta Zulfa, ta tura Fiddausi mai shekara bakwai gaba, ta kama hannun surukinta, Baba Gide, wanda yanar ido ta rufe wa gani. Shekara tara tana gidansa ba ta taɓa cin abinci gabansa ba, ko ido ba su haɗawa, amma ran nan ta damƙi hannunsa ta ja shi cikin ƙaya da taɓo har bakin kwalta. Tun daga lokacin kunya ta kama gabanta. Ko makewayi zai je, hannunta ne.

Iyali huɗu ne a ajin, an raba su da zannuwa a kan igiya. Damina ce tsakiya, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wanda ke da rufi bisa kansa a irin wannan lokaci, ko na aji ne mai yoyo, sarki ne.

Malam Nasir bai tafi ba. Ya matso ya rage murya. "Na yi yawo, na samo kangon wani bawan Allah a bayan kasuwa. Ɗaki uku ne aka rufa, ba ƙofa ba taga, kuma aro ne zuwa kaka. Na sa sunanki a ɗaya, Hajaratu, saboda dattijon nan. Ran Asabar za a shiga."

Ta durƙusa ta yi godiya har da hawaye. Daga bayan zanin da ke kusa kuwa sai ta ji wani kukan daban, wanda ake dannewa. Suwaibatu ce, wata yarinya daga wajen Damari, cikinta wata tara, sunanta bai fito ba.

Washegari bayan an sauko Juma'a, Tani ta yafito ta. Tani dattijuwa ce Kirista daga wani ƙauye kusa da Ketare, ita ma gudu ya kawo ta, kuma ita kaɗai ke da babbar waya a ajin, ɗanta Istifanus da ke aiki a Kaduna ya aiko mata. Ta ja Hajaratu bayan aji, ta duba gabas ta duba yamma kamar mai sayar da kayan sata.

"Zo ki ga abin da yaron nan ya turo mani."

Bidiyo ne. Ruwa ne shuɗi wanda ba shi da ɗaya gaɓar, ga farin rairayi, ga itatuwan kwakwa. A kan rairayin an jera tantuna farare tas, sababbi, ba irin na leda da iska ke yagawa ba. Ga wasu ɗakuna masu taya, da labule da gado a ciki. Yara na guje-guje, wata mata na gasa kifi tana dariya. Sai muryar namiji, Hausa garau, har da ɗan karin Katsina:

"Kun gaji? Ku gudo, ku baro tashin hankali a baya! Zangon Iyali, a bakin teku, ya buɗe maku ƙofa. Akwai tanti, akwai gida mai taya, akwai ruwa da wuta, akwai tsaro dare da rana. Ku kawo yara, ku kawo tsofaffi. Ayarinmu na tashi daga Kaduna. Rajista kyauta ce!"

Akwai wani rubutu a ƙasan bidiyon, amma daga Tani har Hajaratu ba mai karatun boko. Lambar waya dai sun gane ta.

Sau biyar suka kalla. A na biyar ɗin Hajaratu ta zauna kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Tani, wanga ai da mu yake. Ku gudo, ya ce. Wa ke gudu in ba mu ba?"

"Shi na gani. Ƙila Turawan agaji ne suka buɗe."

"Mu nuna ma Malam?"

"Ke! Rufa mana asiri. In kika nuna mashi, kafin magariba duk Faskari ta ji, gobe a ce wuri ya cika."

Gaskiyar Tani. Wanda ya taɓa bin layin rabon shinkafa ya ga an kakkaɓe buhu a gabansa, shi ya san labarin rabo ba a yi masa shela. Ga shi, da wayon da wahala ta koya masu suka cuci kansu.

Mutum ɗaya Hajaratu ta kasa ɓoye wa. Ta kara wa Baba Gide wayar a kunne. Tsohon da ya yi sati bakwai ba ya cewa komai sai salati, yana jin kalmar zango sai ya miƙe zaune.

"Zango ya ce? Ayari?"

"Haka ya ce, Baba."

"Allahu akbar! Ashe ba a bari ba." Ya laluba sandarsa ya ɗora bisa cinya. "Kakana bafatake ne, da jakai ya riƙa zuwa Ikko ɗauko goro, har bakin wanga ruwa. Shi ya ba ni labari. Ɗiyata, zango ba a korar baƙo. In ka sauka, sarkin zango shi ba ka ruwa, shi ba ka tabarma, sai bayan kwana ukku shi tambayi sunanka. In kau ka shiga ayari, to madugu ke da kai har a isa. Wanda duk ya sa ma wuri suna zango, ya san abin da ya ɗauka ma kansa."

Daɗi ya kama Hajaratu, irin wanda ta manta akwai shi. Kango aro ne zuwa kaka, kuma ko a cikin Faskari ana jiyo harbi daga bayan duwatsu. Amma teku? Babur dai ba ya gudu bisa ruwa.

Saura a kira lambar. Sabis kuwa a garin sai an hau dutsen da ke bayan makaranta, nan ma sai ya ga dama. Ran Asabar da sassafe ta hau da wayar Tani, ta ɗaga ta sama tana juyi kamar mai kiran shaho. Can ta shiga.

"Salamu alaikum, nan ne Zangon Iyali?"

"Nan ne, Hajiya." Muryar bidiyon ce sak.

"Akwai wuri? Da yara biyu nike, da tsoho."

"Akwai wuri sosai, ku taho da..."

Ɗif, sabis ya ɗauke. Ta yi ta kira har rana ta take, shiru. Amma ai ta ji abin da ta zo ji. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, balle ita da aka miƙa wa kalma mai daɗi.

Tana saukowa ta tarar ana ɗaure kaya za a tafi kango. Suwaibatu na zaune ta dafe mara, ta ƙura wa bango ido, hawaye na bin fuskarta ba ta ko sharewa. Hajaratu ta dube ta, ta dubi cikin nan da ya sauko. Ta je wurin Malam Nasir.

"Malam, a ba Suwaibatu ɗakina."

"Ke fa?"

"Allah ya buɗa mana wata ƙofa."

"Wace ƙofa? Hajaratu, ki yi tunani. In aka shiga an shiga ke nan, ba ni da wani."

"Na yi tunani, Malam."

Suwaibatu ta rungume ƙafafunta tana sa mata albarka. Hajaratu ta ji kanta kamar wata mai arziki. Da yamma ta wanke wa Baba farar rigarsa guda ɗaya, ta kwance 'yan kunnenta ta ƙulle a bakin zani, su za su kai su Kaduna. Fiddausi kuwa sai tambaya take ko ana iya shan ruwan teku.

Ran Lahadi bayan azahar ta sake hawa dutsen don jin ranar tashin ayari. Hadari na haɗuwa daga gabas. Wannan karon bugu ɗaya ta shiga, murya tar kamar yana gefenta.

"Sunana Uwais, Hajiya. Bari in cike maki fom. Suna?"

"Hajaratu."

"Manya nawa, yara nawa?"

Ta faɗa.

"Tanti kuke so ko gida mai taya?"

"Haba Malam, mu da aka taimaka, mu ne da zaɓe? Duk wanda ya rage."

Ya yi 'yar dariya. "To kwana nawa za ku yi? Akwai wurin da zan rubuta ranar zuwa da ranar komawa gida."

"Ba mu da ranar komawa."

"Kowa haka yake cewa in ya ga teku, Hajiya. Amma sai na rubuta, da ita ake lissafin kuɗi."

Iska ta kaɗa mata mayafi. "Wane kuɗi? Ba kai ka ce kyauta ba?"

"Rajista ce kyauta. Kwana kuwa..." Ya tsaya. Da ya sake magana dariyar ta fita daga muryarsa. "Baiwar Allah, daga ina kike kira?"

"Faskari. Cikin makaranta muke. Gobe za a fidda mu."

Ta ɗauka sabis ya sake ɗaukewa, ta cire wayar daga kunne ta duba ko ta mutu.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji shi. "Yaya, ni ɗan Kankara ne. Ki saurare ni da kyau. Nan ba sansanin 'yan gudun hijira ba ne. Wurin shaƙatawa ne. Mutane ke zuwa da iyalansu lokacin hutu, su biya, su kwana biyu uku, su koma. Kwana ɗaya a tantin nan ya fi buhun masara tsada."

Ba ta gane ba. Wallahi ba taurin kai ba ne, maganar ce ta ƙi samun wurin zama a kanta.

"Su biya su kwana a tanti?"

"E."

"Gidajensu fa? An ƙone masu ne?"

"A'a. Suna nan lafiya lau, a kulle, da mai gadi."

"To mi ya koro su?"

Ta ji ya ja numfashi. "Gajiya."

Da wani ne ya ba ta wannan labari da ta yi dariya. Mutum da ɗakinsa, da ƙofa mai sakata, ya kulle ya tafi ya sayi kwanan waje! Amma ba dariya a bakinta.

"Kai ka ce zango," ta ce. "Da kunnena na ji. Surukina ya ce zango ba a korar baƙo."

"Ni na faɗa. Laifina ne. Masu wurin ba sa jin Hausa. Suka ba ni takarda da Turanci suka ce in juya don mutanen Arewa. Na zo kan kalmar, na rasa yadda zan faɗe ta, sai na tuna da zango, na ga ta yi daɗin ji. Ayarin ma motar 'yan yawon buɗe ido ce. Ban taɓa kawo ma raina zai iso inda kike ba."

"To ka ji, ɗan'uwana. Na iya shara, na iya wanki, na iya surfe. Ba sai tanti ba. Ko bayan tanti ne, inda ruwa ba ya kai wa sosai. Tsohon ba ya cin abinci da yawa, yaran ba su da ƙiriniya, wallahi ba za a ji motsinmu ba. Ka faɗa ma sarkin zangon."

"Yaya, babu sarkin zango. Manaja ne, da katanga, da waya mai ƙaya a bisa. Ni kaina mu biyar ne a ɗakin bakin ƙofa. Mahaifiyata ma tana Kankara a raɓe gidan mutane, daga ƙauye aka koro su. Da ina da inda zan sa ki da ita na fara sawa."

"Na ba da ɗakina," ta ce. Ba da shi take ba, da kanta take. "Jiya na ba da ɗakina."

Yana cewa ta yafe masa, yana cewa wani abu kan zai tambaya, zai gwada, sai katin ya ƙare. Ruwa ya fara sauka, manyan ɗigo. Ta tsaya a kan dutsen nan ta kurma ihu guda ɗaya, ba wanda ya ji sai awaki.

Daga can ta nufi kangon, a jiƙe sharkaf, tana shirya maganar da za ta yi. Za ta ce kuskure aka yi. Za ta ce ko a raba ɗakin biyu. Tun daga nesa ta ga mata cunkushe a bakin ƙofar da aka rataya wa buhu. Suwaibatu ta sauka da hantsi, mace. Ɗakin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, ga mai jego, ga uwarta, ga ƙannenta uku, ga tukunyar ruwan zafi.

"Ga ta nan!" in ji uwar Suwaibatu. "Ga wadda ta rufa mana asiri. Mun gama magana, sunanki za a sa mata."

Aka ɗora mata jaririyar a hannu. Hajaratu ta dubi ɗan bakin nan yana motsi. Maganar da ta shirya ta koma ciki.

"Allah shi raya," ta ce.

Malam Nasir ta samu a ofishinsa yana jera rajistar ɗalibai. Ita da Tani suka miƙa masa wayar. Ya kalla, ya karanta rubutun da ke ƙasa, ya cire tabarau ya riƙe kai.

"Ɗanki ne ya rubuta, Tani. Ya ce, 'Inna, ga inda zan kai ki hutu in Allah ya buɗa mani.' Haba Hajaratu! Haba! Minti ɗaya da kin nuna mani."

Tani ta ɗora hannu a ka tana kuka tana tsine wa wayar. Ita dai ɗanta zai karɓe ta, ɗaki ɗaya ne da matarsa da 'ya'ya huɗu, ko kaza ba za a ƙara ba. Malam Nasir ya fita cikin ruwa, ya zaga masallatai, ya je coci, ya je gidan mai unguwa. Ko'ina mutane ne har soro, wasu a zaune suke barci. Ya dawo gab da magariba, ya kasa shiga ajin, daga taga ya girgiza mata kai.

Abu ɗaya ya rage. Akwai a-kori-kura da za ta kwashi waɗanda suka yanke shawarar komawa ƙauyukan daji. An ce mutanen dajin sun aiko, duk mai son cire masararsa ya dawo, amma a hannunsu zai zauna, kuma ba su yi wa kowa alkawarin komai ba. Gaba kura, baya siyaki. Sai dai a can akwai ɗaki ɗaya da wuta ba ta ci ba, a nan kuwa ruwan sama ne, ga Zulfa na tari.

Litinin da safe ɗalibai suka cika fili da fararen inifom, suna leƙen azuzuwansu suna toshe hanci. Baba Gide tun asuba ya sa farar rigarsa, ya zauna bakin ƙofa da sandarsa, fuskar nan fes. Hajaratu ta buɗe baki sau uku ta gaya masa, sau uku tana rufewa.

"Ayari ya haɗu?" ya tambaya.

"Ya haɗu, Baba."

Ta kama hannunsa ta kai shi mota. Aka ɗaga shi aka zaunar kan buhu, ta zauna gefensa da Zulfa a cinya, Fiddausi ta riƙe ƙarfe tana washe baki. Tsoho kaɗai ke ta addu'ar tafiya da ƙarfi, yana roƙa wa madugu sauka lafiya.

Suka yi tafiya kan kwalta. Can motar ta rage gudu, ta karya hagu, ta faɗa hanyar ƙasa. Baba Gide ya bar addu'a. Aka shiga wani rami, aka fita, aka shiga na biyu. Ya karkata kai yana saurare. Da tayoyin suka hau wata 'yar gadar katako ta yi ƙara, gwaram-gwaram, sai ta ji hannunsa ya yi sanyi cikin nata. Shekara sittin yana bin wannan hanya zuwa kasuwa, ina ruwansa da ido?

"Hajaratu."

"Na'am, Baba."

"Wagga gadar rafinmu ce."

Kuka ya ƙwace mata, ta cusa fuska cikin mayafi don kada Fiddausi ta gani.

Bai tambaye ta komai ba. Bai ce ina zangon ba, bai ce ina tekun ba. Motar na ta kutsawa cikin itatuwa, dajin na ƙara rufewa a kansu.

"Ki ji ni da kyau, ɗiyata," ya ce a hankali, yadda ita kaɗai za ta ji. "Wancan karon kin ja ni, Allah shi biya ki. In suka sake zuwa, hannu biyu gare ki, ɗiya biyu gare ki."

"Baba, don Allah..."

Ya zare hannunsa daga nata, yatsa bayan yatsa. Ta sake kamowa, ya sake zarewa. Ya laluba ya samo hannun Fiddausi, ya sa shi cikin tafin uwarta, ya matse su tare. Sannan ya ɗora nasa biyun bisa sanda.